Damina guda ina kiwon kaska a Samaru

Ranar da na gaya wa Umma cewa a kan kaska zan yi binciken digirina na biyu, ba ta tanka ba sai da ta gama tace gasara. Ta ɗauraye hannu, ta dube ni, ta ce, "Shekara shida kina karatun likitan dabbobi, ƙarshenta aikin da carki ke yi wa shanu kyauta shi kika zaɓa?" Ƙannena suka kwashe da dariya, daga ranar sunana a gidanmu na Tudun Wada ya koma Carki. Ni kaina a lokacin ban ɗauki kaska a bakin komai ba. A ganina allura ce mai ƙafafu, ta zuƙi cuta a jikin wannan dabba, ta je ta juye a jikin waccan, shi ke nan.

Malamin da ke duba aikina ne ya fara kwance min wannan tunani. Ya ce in ƙaddara ga saniya mai ɗauke da ƙwayar Ehrlichia ruminantium, wadda ke kawo ciwon nan da ke tara ruwa a jakar zuciya, dabba ta yi zazzaɓi, ta riƙa zagaye tana ɗaga ƙafa kamar mai taka ƙaya, daga bisani ta faɗi tana shure-shure. A jikin saniyar ga kaska iri uku ko huɗu, duk jini ɗaya suke sha. "To don me," in ji shi, "kaskar Amblyomma kaɗai ke iya kai wa wata dabbar wannan cuta? Sauran ina suke kai nasu kason?" Na buɗe baki zan fara kame-kame, ya ce ba amsa yake nema yanzu ba, kaska yake so, masu rai, kafin watan Yuni ya ƙare.

Wa'adin yana da dalili. Manyan Amblyomma variegatum da saukar damina suke fitowa, da rani 'yan matasansu ake gani. Muka bar Samaru bayan sallar asuba ni da abokan karatu biyu, muka wuce Shika, muka saki titin Funtuwa muka bi burtali har wata ruga, don mu riski shanu kafin a gama tatsa a sake su. Mai garken dattijo ne, Baffa muke ce masa. Bayan an yi gaisuwa mai tsawo, mun miƙa goro da ƙullin kanwa, sai ya dube ni ya ce, "To Likita, wacce kike so, koti ko miri?"

Ban san ko ɗaya ba. Ya sa 'ya'yansa suka kama wata farar saniya, suka ɗaure mata ƙafafun baya, ya tsuguna ya nuna min gefen hantsa. Ga wasu kaska uku sun haɗa kai wuri guda, bayansu da zane ruwan goro da baƙi kamar an yi musu aikin dagi, ƙafafunsu da zobe-zoben fari. Mazan Amblyomma ke nan. Kusa da su ga tamata, ta sha ta kumbura ta kai girman ɗan yatsan hannu. Ya ɗaga wutsiya, ga wasu masu duhu, dogayen ƙafafu, su ma da zobe. Waɗannan Hyalomma ne. Duk biyun koti ne a wurinsa, masu dogon baki, masu barin gyambo, su yake bi yana cirewa da hannu a kai a kai. Sannan ya shafa wuyan saniyar ya nuna min 'yan ƙanana masu launin toka-toka, lumbu-lumbu kamar wake jiƙaƙƙe. Su ne miri, waɗanda littattafanmu suka daɗe suna kira Boophilus, yanzu aka mayar da su cikin Rhipicephalus. "Waɗannan ba na ɓata lokaci a kansu," in ji Baffa. "Amma mai zanen nan, duk inda ta yi yawa, kirci na tafe."

Gaskiya ya faɗa, ko da yake ba ta hanyar da yake zato ba. Ƙwayar kirci, Dermatophilus congolensis, ba kaskar ce ke ɗauko ta ba. Yawun Amblyomma ne ke danne garkuwar jikin saniya, sai ƙwayar da ke kan fata ta samu sarari ta bazu. Amma rabon da ya yi na koti da miri ya fi abin da na shigo rugar da shi nisa, don ni kaska kawai na sani.

Cirewa aiki ne na haƙuri. Ana kama ta da hantsaki daf da fata, a ja a hankali ba murɗawa. Amblyomma ba cusa baki kawai take yi ba, har wani danƙo take zubawa ta like kanta, in aka yi gaggawa sai bakin ya tsinke a cikin fata, kaskar ta mutu, saniya kuma ta samu ƙurji. Na tsinka bakuna da dama kafin hannuna ya faɗa. Safar hannu kuwa ba ta fita, saboda Hyalomma ce ke ɗaukar zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kwango, ba a murƙushe ta da farce. Wata ta suɓuce min ta faɗi ƙasa, maimakon ta lafe sai ta miƙe da gudu ta nufo takalmina. Na yi tsalle na yi baya, yaran rugar suka yi ta dariya. Ita ba ta hawa ciyawa ta zauna jiran rabo kamar 'ya'yan miri, farauta take yi da ƙafarta.

A ɗakin gwaji akwai wani tsohon ma'aikaci da kowa ke ce wa Baba, ya fi yawancin malamanmu daɗewa a wurin. Shi ya zaunar da ni gaban maikiroskof. Ban fara duba zane ko baki ba, ya ce in kifa kaskar a bayanta in nemi dubura, in ga wani ɗan layi da ya kewaye ta. "Ta gaba ya bi ko ta baya?" Na ce ta baya. Na ɗauko wata, ta baya. A miri ma layin ya dushe har ba ya ganuwa sosai. Sai ya buɗe wata tsohuwar kwalba ya fito da wata kaska da aka kawo daga waje tun ban shiga firamare ba, ya ce in duba. Nata layin ta gaba ya bi, kamar bakan gizo. Ixodes ce.

Wannan ɗan layi shi ne shaidar wata tsohuwar rabuwar zuriya. Kaska a duniya sun kai kusan iri 900. Wajen 700 masu taurin baya ne, wajen 200 masu laushi, sai wata guda ɗaya tilo a kudancin Afirka, Nuttalliella namaqua, da ke zaman gidanta ita kaɗai. Masu taurin bayan kuma sun rabu biyu: Ixodes a ɗaki ɗaya, duk sauran a ɗaya ɗakin, wato Amblyomma da Hyalomma da Rhipicephalus da Dermacentor da Haemaphysalis. Duk abin da na tsinto a rugar Baffa 'yan ɗaki na biyu ne, ko Ixodes ɗaya ban samu ba. Abin da ya ɗaure min kai daga baya shi ne, da yawa daga cikin abin da aka rubuta kan yadda kaska ke yaƙi da bakteriya, a kan Ixodes aka yi shi, saboda ita ke yaɗa cutar Layim a Amurka da Turai, can kuwa kuɗin bincike suke. Mu sai mu ɗauko mu shafa wa namu kaskar, kamar wanda ya auna Bafaranshe ya ɗinka wa Bazazzagi riga.

Kaskar farko da na yi ƙoƙarin rayawa duk sun mutu, laifin kuma nawa ne. Na zuba matan da suka ƙoshi a 'yan kwalabe, na murɗa murfi gam don kada su fita, na tafi gida ranar Juma'a. Ranar Litinin na tarar furfura ta rufe su, fumfuna ta cinye komai. Baba bai yi faɗa ba. Ya ɗauko yankin gidan sauro da roba ya rufe bakin kwalba da shi, ya ce, "Mai rai ce, 'yata, numfashi take yi." Ya nuna min tukunyar gilashi da ake zuba ruwan gishiri mai kauri a ƙasanta, gishirin ke riƙe damshin iskar ciki kada ya yi yawa kada ya gaza. A nan ake jera kwalaben, a sa a akwatin ɗumi a kan digiri 27 ko 28. Sai da na koma ruga karo na biyu, da wani ƙullin kanwar.

Wannan karon sun rayu, har na tsaya na kalli miri tana ƙwai, abin da ban taɓa zaton zan ɓata rabin yini a kansa ba. Ƙofar ƙwan ba a baya take ba, a ƙirji take kusa da kai. Sai ta sunkuyar da bakinta, ƙwai ɗaya ya fito, wata 'yar tsoka mai sheƙi ta ɓullo daga saman kanta ta karɓe shi, ta jujjuya shi ta shafe shi da kaki, ta ajiye a gaba. Ta sake yin haka. Ɗaya bayan ɗaya, dubbai, har tulin ƙwan ya fi ta girma, ita kuma ta motse ta yamutse ta mutu a bayansa. Kakin nan yana hana ƙwan bushewa, kuma yana da abin da ke hana bakteriya tsira a kansu. Tun nan na fara gane cewa wannan halitta tana da nata maƙiyan da take kāre kanta daga gare su.

Kuskurena na biyu ya fi na farko kunya. Ina ɗokin ganin sakamako, sai na ɗebi kaska daga kowane iri, ƙosassu da jini, na niƙa su ɗungurungum, na fitar da DNA, wato sinadarin gado, na yi gwajin PCR, wanda ke ruɓanya ɗan guntun gadon ƙwayar cuta har ya yi yawan da za a gan shi. Da na ɗora a kan fitila, ga layuka sun haska, har a layin Hyalomma da na miri akwai alamar Ehrlichia. Na ɗauki hoto na ruga ofishin Malam, a zuciyata na gano abin da duniya ba ta sani ba. Ya duba hoton, ya tambayi daga jikin wace saniya na ciro su. Na ce duk daga guda ne. Ya miƙo min wayata ya ce, "Madalla. Kin gwada jinin saniyar Baffa sau uku."

Na fito kamar in nutse. Amma a nan aikin ya fara. Samun ƙwayar cuta a cikin kaskar da ta sha jini ba ya nuna komai, sai dai cewa ta sha jini. Kafin bakteriya ta ci nasara, sai ta tsira daga narkewa a hanji, ta kutsa bangon hanjin, ta ratsa ruwan jikin kaskar inda ƙwayoyin tsaro ke sintiri suna haɗiye baƙi, ta isa jakar yawu ko jakar ƙwai, kuma ta jure lokacin da kaskar za ta yi saɓa ta sake jiki. Kowace ƙofa da mai gadinta. Masu gadin kuwa ba iri ɗaya ba ne daga gida zuwa gida.

Saboda haka aka koya min in daina niƙa, in koma fiɗa. Da farko gwajin ruwan jiki, wanda Willy Burgdorfer ya fito da shi a 1970, mutumin da daga baya aka sa wa ƙwayar cutar Layim sunansa. Ana riƙe kaska mai rai, a datse ƙarshen ƙafa ɗaya da almakashi, sai wani ɗigo garai-garai ya fito, bai kai kan allura ba. A dangwala a gilashi, a bushe, a rina. A ƙarƙashin maikiroskof ƙwayoyin jikin kaskar sukan fito shuɗi-shuɗi, in akwai bakteriyar Rickettsia sai a ga 'yan jajayen sanduna a cikinsu kamar an watsa garin barkono. A Amblyomma na fara ganinsu, na kira Baba ya tabbatar min ba dattin rini ba ne. Kaskar da na ɗebi ruwan nata kuwa tana can cikin kwalba tana yawonta da ƙafa bakwai da rabi, lafiya lau, da bakteriya fal a jikinta.

Sai fiɗar kanta. Ana narka kakin zuma a ɗan faranti, a dasa kaskar a ciki da ƙafafunta, a zuba ruwan gishiri ya rufe ta, a bi gefen bayanta da tsinin reza a zagaye, sannan a ɗaga fatar kamar murfin tukunya. Abin da ke fara bayyana hanji ne, baƙi ƙirin, mai rassa kamar gizo-gizo ya kwanta a ciki. Ko kaɗan aka taɓa shi da tsini ya fashe, ruwan ya yi baƙi, aikin ya ɓaci. Na fasa sun fi a ƙirga. In aka ɗauke shi lafiya, a gefe biyu ga jakunkunan yawu, farare, curi-curi kamar nonon inabi. Akwai kuma wasu fararen zare masu lanƙwasa, su ne ƙodar kaska. Kowane sashe da kwalbarsa, kowane da sabon hantsaki, a wanke sau uku. Yini guda in na yi ƙoƙari in fede goma, in tashi wuyana ya ƙage.

Sakamakon da ya fito bayan wannan wahala ba sabo ba ne ga masana, amma ni sabo ne, don da hannuna na same shi. Alamar Ehrlichia ta ɓace daga Hyalomma da miri da zarar an raba su da jinin hanjinsu. A jakar yawun wasu Amblyomma kaɗai ta tsaya. Rickettsia kuwa ta fito a Amblyomma da yawa, ta fito a wasu Hyalomma, amma da aka karanta gadonsu sai ga shi ba ɗaya ba ce: ta Amblyomma Rickettsia africae ce, ta Hyalomma Rickettsia aeschlimannii. Saniya ɗaya, hantsa da wutsiya taƙi biyu ne tsakani, amma kowace kaska da baƙuwarta.

Ƙwan Amblyomma ya ɗauki kusan wata biyu kafin ya ƙyanƙyashe, na miri bai kai haka ba. 'Ya'yan suka fito da ƙafa shida-shida, suka taru a bakin kwalba kamar ƙurar jan barkono. Ba su taɓa shan jinin kowa ba, don haka duk abin da aka samu a jikinsu gado ne daga uwa. Rickettsia africae na nan. Ehrlichia babu. Kaska ɗaya ce, amma ta bar wata baƙuwa ta shiga har ɗakin ƙwai ta bi zuriya, wata kuwa iyakarta jakar yawu, kowace 'ya sai ta je ta sha daga dabba mai ciwo kafin ta ɗauka, ta riƙe har bayan saɓa, sannan ta ba wata dabbar.

Watannin jiran ƙwai su na yi ina karatu, kuma a nan na samu abin da ya fi kusa da amsar tambayar Malam. A 2001 wasu masu bincike a jihar Bajiniya ta Amurka sun yi wa kaska iri biyu allurar ƙwayar Layim, Borrelia burgdorferi, kai tsaye cikin ruwan jiki. A jikin Dermacentor variabilis ƙwayoyin ba su kwana da ƙarfinsu ba, ruwan jikin ya farfasa su, ƙwayoyin tsaro suka haɗiye sauran. A jikin Ixodes scapularis kuwa suka ci gaba da iyo abinsu. Ɗaya ta ɗauke ta maƙiyiya, ɗaya ta ɗauke ta baƙuwa, shi ya sa ɗaya ke yaɗa cutar ɗaya ba ta yaɗawa, alhali a daji ɗaya suke, ɓeraye ɗaya suke cizo.

Ba sai an je tsakanin manyan ɗakuna ba ma. A Barazil akwai Amblyomma biyu da ke yaɗa Rickettsia rickettsii mai kisa. Amblyomma aureolatum tana kamuwa cikin sauƙi, ƙwayar ta cika ta. Amblyomma sculptum tana da taurin kai. Da aka duba hanjinsu bayan kamuwa, sai aka ga a sculptum ƙwayoyin gado masu yawa sun farka, ciki har da na garkuwa, a aureolatum kuwa yawancinsu lafawa suka yi. Kuma wannan Rickettsia ba ta da alkunyar tamu Rickettsia africae, tana kashe wasu daga cikin kaskar da ke ɗauke da ita, ta rage musu ƙwai. Har kaskar kare da ke bin bangon gidajenmu, Rhipicephalus sanguineus, an gano zuriya-zuriya ce. A gwajin da aka buga a 2015 a Barazil, zuriyar ƙasashe masu zafi ta yaɗa Ehrlichia canis ga karnuka, wadda aka ɗebo daga kudancin ƙasar da Ajantina da Yurugai ta kasa. A ido kuwa da ƙyar a bambanta su.

Makaman ma sun sha bamban, wasu har da ban dariya. Rhipicephalus microplus, 'yar uwar miri da aka fara gani a Afirka ta Yamma a Kodebuwa a 2007, ta bazu har ta iso Najeriya, tana da wani sinadari da ke kame tagulla. Bakteriya na buƙatar ɗan tagulla don numfashi, sai kaskar ta tattare shi ta bar ta da yunwa. Ita ce kuma aka gano tana yanka jan sinadarin jinin saniya gunduwa-gunduwa a hanjinta, wani guntun ya zama dafin kashe bakteriya. Da jinin mai gida take ƙera wuƙarta. An ce kaska raɓi mai jini, ashe raɓar ba ta tsaya ga ci ba.

Wani abu da ya fito a gwajina ba tare da na neme shi ba, shi ne bakteriyar da ke cikin kusan kowace kaska, mai lafiya da marar lafiya. Da farko na zaci datti ne ya shiga kwalabena, saboda na riga na saba da laifina. Ashe 'yan gida ne. Jini abinci ne mai gina jiki amma ba shi da isasshen bitamin B, kaska kuwa ba ta cin komai sai shi, don haka take ajiye bakteriyar da ke ƙera mata bitamin ɗin a cikin fararen zaren nan da jakar ƙwai. A Amblyomma variegatum da Rhipicephalus dangin Coxiella ne, a Hyalomma dangin Francisella. An gwada kashe su da maganin kashe bakteriya a jikin microplus, sai girmanta ya tsaya cak, ta kasa balaga. Ke nan garkuwar kaska ba ta isa ta kashe duk abin da ya shigo ba, dole ta san na gida da na waje, kuma kowane gida da nasa na gidan. Ina zargin a nan wasu masu cutar suka samu ƙofa, sun yi kama da 'yan gida.

Da na kai wa Malam wannan duka, na ce masa har yanzu ban iya nuna masa takamaimai wane mai gadi ne a jikin Hyalomma ke tare Ehrlichia ba. Ya ce ya sani, digiri na biyu na zo yi ba na uku ba. Ya tambaya ko na taɓa riƙe kaska mai laushi. Na ce sai a kwalba. Ya ce kunya ce mutum ya rubuta babi a kan zuriyar kaska bai ga ɗaya gidan da rai ba, in je in duba akurkin kajin gidanmu da dare.

Akurkin Umma na laka ne, a bayan madafa. Da rana na sha duba kajin ban ga komai ba. Bayan sallar isha'i na ɗauki tocila da tsinke, ƙanina ya riƙe min kwalba, na soka tsinken a wata tsaga ta bango na ɓanɓaro laka. Ga su nan jere, falan-falan kamar ƙwayar kabewa busasshiya, launin ƙasa, ba garkuwa a baya, bakin ma ba ya ganuwa ta sama. Argas persicus. Rayuwarta daban ce da duk waɗanda na yi wata huɗu ina reno. Mai taurin baya tana maƙalewa kwanaki, tamatar ta sha sau ɗaya ta yi ƙwai ta mutu. Wannan babbarta takan fito da dare ta sha cikin ƙasa da awa guda, ta koma tsaga, ta yi ƙwai kaɗan, ta sake fitowa wani daren, kuma tana iya shekaru ba ta ci ba. Bakteriyar da ke zaune da ita dole ta bi wannan tsari. Borrelia ta cutar Layim a hanjin Ixodes take kwance, sai jini ya fara shigowa take tashi ta nufi yawu, tafiyar da kan ɗauki fiye da yini guda. Dangin Borrelia da ke cikin masu laushi ba su da wannan lokacin, tun kafin cizo suna jakar yawu a shirye. Ta kaji, Borrelia anserina, wadda ke sa kaza zazzaɓi da koren zawo, har ƙwai take bi, abin da ta Layim ba ta yi.

Umma ta fito da fitila ta tsaya a kanmu, ta leƙa kwalbar. Ta ce ai waɗannan ta san su, kuɗin cizon kaji ne, ba kaska ba. Na ce ta ƙirga ƙafafun. Ta kai fitila kusa, ta ƙirga a hankali da bakinta, ta kai takwas, ta yi shiru. Sannan ta tuna da kajinta huɗu da suka mutu bara da koren zawo, waɗanda ta ɗora wa sanyi laifi.

"To Carki," in ji ta, "tunda kin gano su, gobe kafin ki tafi makaranta sai ki kwaɓa laka ki toshe min tsagogin nan."

Na ce sai na gama ɗiba tukuna, ina buƙatar kamar talatin masu rai. Ta ce in ɗebi ɗari ma, amma kada kwalbar ta kwana a ɗakinta.